Kwamfuta ta ƙi kama hotsifot ɗin waya? A duba nan kafin a tafi wurin mai gyara

Duk lokacin da jarrabawar JAMB ta ƙarato, sai ka ga an aro kwamfutar yaya ko ta kawu domin gwajin tambayoyi, tunda a kwamfuta ake rubuta jarrabawar. An kunna hotsifot a waya, an jira, kwamfuta ko sunan wayar ba ta nuna ba. Daga nan sai a ce ta lalace. Mu dai mun lura sau tari lafiyarta ƙalau.

Wi-Fi galibi yana tafiya a kan zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Ku tuna da rediyo: wanda gajeren zango kawai yake kamawa ba zai taɓa jin tashar FM ba, ko da a ƙofar gidan rediyon aka ajiye shi. Haka tsofaffin kwamfutoci na hannu, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu, da yawansu 2.4 kaɗai suka sani. Idan sabuwar waya tana watsa hotsifot ɗinta a 5, kwamfutar ba za ta gan shi ba. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. A Android, shiga saitin hotsifot, nemo wurin zaɓen zango, wanda wasu wayoyi ke kira "AP band", ka mayar da shi 2.4 GHz. A iPhone 12 zuwa sama, kunna "Maximize Compatibility". Zangon 2.4 bai kai ɗan'uwansa gudu ba, amma ya fi shi nisa da ratsa bango, kuma ya ishi karatu.

Idan kuma kwamfuta ta ga sunan amma ta ƙi shiga, tambayi kanka ko ka canza kalmar sirri kwanan nan, wataƙila don ƙannenka sun gano ta. Kwamfutar tana nan riƙe da tsohuwar. Danna sunan hotsifot ɗin da maɓallin dama na linzami, zaɓi "Forget", sannan ka shiga da sabuwar, kana lura da manya da ƙananan baƙaƙe.

Ta shiga amma shafi ya ƙi buɗewa? Gwada buɗe shi a wayar kanta. Masu layi biyu, ku duba ko data tana kan layin da ba shi da ko sisi.

Abin da ya fi damun mu shi ne wanda ke biyo baya idan komai ya yi daidai. Windows ba ta san cewa da kuɗin tara ka sayi datar ba. Da zarar ta samu hanya sai ta fara sauke sabunta-manhajarta a ɓoye, kuma wani sabuntawar kan wuce gigabayit ɗaya. Datar da aka yi wa lissafin mako sai ta ƙare kafin la'asar, a koma zargin kamfanin layi. Saboda haka da kun haɗa, ku shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin a saitin Windows ku kunna "Metered connection". Wannan zai sa ta dakatar da yawancin manyan saukewa har sai ta samu wata hanyar.

Game da tura hoto ko takardar aikin gida ta Bluetooth, ƙaramin fayil ba laifi, amma bidiyo zai cinye muku lokaci, kuma iPhone ba ta tura fayil zuwa Windows ta wannan hanya. A nan kebul ya fi. Da shi ma ana iya ba kwamfuta intanet ta "USB tethering", wayar tana caji a lokaci guda maimakon ta yi ta zafi batirinta na zuba. Sai dai a tabbatar kebul ɗin mai ɗaukar bayanai ne, domin wasu masu arha caji kawai suke yi.