Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Ina Littafinki Yake Kwana?

Maƙalar wannan mako ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Kusan kowane wata sai an shigo zaure da kuka: waya ta faɗa ruwa, an sace ta a tasha, katin memori ya daina buɗewa, babi arba'in sun tafi. Sai a yi ta jera "Allah ya mayar da alheri". Amin. Amma mu muna cewa yawancin wannan asara sakaci ne aka sa wa rigar ƙaddara.

Mu leƙa wajen masu sana'ar ajiye bayanai. A 1988 wasu masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Patterson da Gibson da Katz, suka fitar da takardar da ta yaɗa tsarin da ake kira RAID: a haɗa faifan ajiya da yawa su yi aiki kamar guda. A RAID 0 ana yanka fayil a raba wa faifai biyu, karatu da rubutu su yi sauri, amma da ɗaya ya mutu komai ya tafi. A RAID 1 duk abin da aka rubuta a wannan sai an rubuta a wancan, ka sayi biyu ka ci moriyar ɗaya, amma in guda ya mutu ɗan'uwansa na nan. RAID 5 yana son faifai uku aƙalla, yana jure mutuwar ɗaya, sai dai kowane ɗan ƙaramin gyara yana cin aiki huɗu: karatu biyu, rubutu biyu. Kariya tana da kuɗinta.

Abin da ya fi burge mu shi ne, injiniyan kirki ba ya yarda da abin da aka buga a kwali. Yana auna gudun rubutu daban, na karatu daban. Yana auna babban fayil guda, ya kuma auna ƙanana dubbai a warwatse, domin sakamakon ba ya zama ɗaya. Fayil ɗin gwajinsa sai ya fi ƙwaƙwalwar wucin gadin kwamfutar girma, in ba haka ba ita za ta amsa maimakon faifan, lissafi ya fito da ƙarya. Daga ƙarshe ya zare faifai ɗaya da gangan ya ga ko bayanan za su dawo.

To, marubucinmu fa? Ya sayi kati a bakin kasuwa an rubuta gigabait 64, ya kama baki da murna don ya yi arha. Akwai katunan jabu da ake yi wa dabara su nuna 64 alhali cikinsu bai wuce 8 ba. Kamar mudun da aka toshe wa gindi ne. Sunayen fayiloli za su ci gaba da bayyana, amma abin da ya wuce iyakar gaskiya ya lalace, ko ya hau kan tsohon rubutu. Manhajar H2testw kyauta ce: ta cika katin da rubutu, ta dawo ta karanta, ta faɗa maka gaskiyar cikinsa. Sa'o'i kaɗan a shagon mai kwamfuta sun isa.

Masu musu kashi uku ne. Na farko yana cewa wayarsa tana da sauri. Malam, littafi mai kalmomi 80,000 a tsurar rubutu bai fi rabin megabait ba. Katin da aka yi wa lambar aji 10 yana rubuta megabait 10 a daƙiƙa. Sauri ba damuwarka ba ce, dawowar rubutu ita ce.

Ta biyu tana cewa ai ta tura wa masu karatu a WhatsApp, yana hannunsu. Wane ne yake hannunsu? Wanda aka yanke, aka cire sunanki, aka liƙa tallar atamfa a tsakiya? Babin da ba ki saki ba fa, da gyaran da kika kwana kina yi?

Na uku ya fi wayo: yana da kwafi biyu, ɗaya a waya, ɗaya a katin da ke cikin wayar. Ɓarawo ɗaya ya ishe shi. Ko RAID 1 ba ya hana wannan, domin in ka goge fayil bisa kuskure, take yake gogewa a faifan biyu. Mutanen Goronyo ba su manta da ambaliyar Satumbar 2010 ba, lokacin da ruwan Rima ya ci ƙauyuka da gonaki. Wanda rumbunansa biyu ke gida ɗaya, tare suka tafi. Kwafi biyu a ɗaki ɗaya, kwafi ɗaya ne.

Wannan ba ilimin Turawa ba ne kawai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, can kabarinsa yake, amma Infaƙul Maisur da ya kammala a 1812 yana hannunmu. Ya iso ne saboda almajirai sun yi ta kwafa da hannu, kwafi ya bazu gari gari, har aka buga shi a Landan a 1951. Kuma a al'adar malamai, in an gama kwafi akan zauna a gwama shi da asali layi layi, abin da ake kira muƙabala. Wannan shi ne gwajin karatu bayan rubutu. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1962. A 15 ga Janairun 1966 aka kashe shi a gidansa na Kaduna, wuta ta ci gidan, littafin kuwa bai ko girgiza ba, don ya riga ya shiga hannun jama'a.

Saboda haka ga abin da muke nema kafin Juma'a mai zuwa. Kowane aiki ya zama yana da kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban: waya, kati ko filashin da aka gwada, sai imel ko Google Drive. In intanet na wahala a ƙauyenku, ku bar filashi a gidan yaya ko gwaggo a wani gari. Kowane kwafi a sa masa kwanan wata a sunansa, kada sabo ya danne tsoho. Sannan ku ari wayar wani, ku buɗe kwafin, ku karanta babin farko da na ƙarshe.

Wanda ya yi, ya rubuta "na gwada" a ƙasa, ya faɗa mana abin da ya tarar. Wanda bai yarda da mu ba, fili nasa ne, ya kawo hujja.