Kafin Katin Hoto, a Tambayi Soket

Matashin da ya tara kuɗi a Yelwa don haɗa kwamfutar wasa yakan fara da tambayar da ya koya daga YouTube: wane katin hoto ne ya fi ƙarfi? Masu bidiyon da ke ba shi amsa suna zaune ne a Amurka ko Ingila, inda wuta takan yi shekara ba ta ƙifta ba, a ɗakunan da na'ura ke sanyaya su. A Yawuri da Ngaski da Shanga, bin shawararsu ido rufe hanya ce ta ƙona dukiya. Wanda zai haɗa kwamfuta a bakin tafkin Kainji ya kamata ya fara lissafi daga bango: wutar da ke fitowa daga soket, sannan zafin ɗaki da ƙurarsa. Katin hoto shi ne na ƙarshe a layi.

Abin takaici ne a ce sai an faɗi wannan a ƙasar Yawuri. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka tsara ta don samar da megawat 960, kuma ruwan da ta tare ya tashi mutane kimanin 44,000 daga gidajensu, ciki har da Gungawan tsibiran Yawuri. Amma wutar Kainji ba ta tsayawa a garuruwan da suka ba da ƙasarsu. Tana shiga babban layin ƙasa ne, sannan kamfanin rarraba wuta na Kaduna ya kawo wa Kebbi rabonta. Babban layin nan ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai. Mai kwamfuta a Wara yana kallon ruwan da ke juya injinan wuta, amma dole ya tanadi batir ko janareta.

Ga lissafin da masu sayarwa ba sa yi wa mai saye. Katin RTX 4090 shi kaɗai yana jan wat 450, kuma kamfanin Nvidia ya ce a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 850. Ƙwaƙwalwar kwamfuta irin Core i9-14900K tana iya kaiwa wat 253. Idan aka ƙara allon kallo, cikin wasa mai nauyi za a wuce wat 600. A ɗaya ɓangaren, RTX 4060 yana jan wat 115, Ryzen 5 5600 kuma an ƙayyade shi a wat 65. Duka injin da allonsa ba za su yi nisa da wat 250 ba. Batirin inbata mai amfiya 200 da bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma irin na dalma rabin wannan kawai ake ja idan ana so ya yi ƙarko. Ke nan babbar kwamfutar za ta shanye shi cikin awa biyu ko ƙasa da haka, ƙaramar kuwa za ta kai awa huɗu da wani abu. Injin da ya fi ƙarfi a takarda shi ne zai fi daɗewa a kashe.

Ga kuma farashi. RTX 4090 ya fito a Oktoban 2022 a kan dala 1,599, RTX 4060 kuma a Yunin 2023 a kan dala 299. A watan Yunin nan ne aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma a 2024 dala ta haura naira 1,500. A wannan canjin, babban katin ya kai naira miliyan 2.4, wato albashin wata 34 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Rarar da ke tsakanin katunan biyu ta isa a sayi inbata da batir da faifan sola, har a samu canji.

Mafi munin al'ada ita ce tsuke hannu a kan akwatin wuta. Mutum zai zuba miliyan a kati, sannan ya karɓi akwatin da ba shi da suna don an rubuta wat 800 a jikinsa. Wannan akwati shi ne ƙofar da duk wutar injin ke bi. Mai kyau yana da kariyar da ke yanke wuta idan ta yi tsalle; marar kyau yakan mutu, wani lokaci ya tafi da uwar allo da katin tare. Tambarin 80 Plus yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya sha tana isa ga injin, saura ta zama zafi. Tambarin shaidar tattalin wuta ne kawai, don haka sai an duba sunan kamfani da garanti. Akwai kuma tarkon da ba a cika faɗa ba: akwatunan zamani da yawa ba sa jituwa da inbata mai arha wadda wutarta ba ta da santsi irin na NEPA, sai injin ya mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. A nan ma araha ba ta ado.

Sai zafi. A Maris da Afrilu zafin Yelwa yakan haura digiri 40. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take turawa, kuma idan iskar ta yi zafi, ƙwaƙwalwa da kati suna rage gudunsu da kansu don kada su ƙone. Mai saye ya biya kuɗin gudun da ba zai gani ba. Da hunturu kuma ƙura ke toshe matatun iska cikin makonni. Akwatin gilashi mai fitilu kala-kala yana da kyau a hoto, amma wanda gabansa raga ce, mai matatar da ake cirewa a wanke, shi ne na ƙasar nan. Na'urar sanyaya da ruwa ma tana da famfo, kuma ranar da famfon ya tsaya sai an aika Kano ko Legas. Fanka kuwa kowane mai gyara zai canza ta.

Masu kare babban kati suna da hujja: a sayi mai ƙarfi yau don kada a sake saye nan da shekara biyar. Hujjar tana aiki inda injin ke da tabbacin kai wa shekara biyar. A inda tsallen wuta ɗaya zai iya gamawa da shi, tanadin gobe yana cikin kariya. Ban da haka, wasannin da suka cika shagunan wasa, irin su EA FC da eFootball da PUBG, matsakaicin kati yana ɗaukarsu lafiya a allo mai 1080p. Wanda ke wasa ta intanet kuma jinkirin da ke damunsa daga nisan sabar wasan yake, wadda galibi tana Turai ko Afirka ta Kudu, kuma babu katin da ke gajarta wannan tafiya.

Wasu kuma sukan ce mafita ita ce kati na hannu daga titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja. Ana samun na kirki a can, amma a tuna cewa tun da Ethereum ta daina haƙo da katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Kada a biya sai an kunna katin a gaban mai saye, ya yi rabin awa cikin wasa mai nauyi ana kallon zafinsa.

Tsarin da ya dace da Yawuri shi ne a fara da awon wutar gida da abin da batir zai ɗauka, a ware kuɗin inbata da sitabilaiza, a zaɓi akwatin wuta mai suna da akwati mai shan iska, a sa RAM gigabait 16 da faifan SSD. Abin da ya rage shi ne kuɗin katin hoto. Mai shagon da ya juya wannan tsari ya fara da kati, cinikinsa yake karewa, kuma ba shi ne zai zauna a duhu da injin miliyoyi a watan Afrilu ba.