Gonar Gado da Takardar Hukuma

A ƙasar Bakori, kamar sauran yankin Funtua da Malumfashi, manomi yakan shata iyakar gonarsa da gamba ko wata bishiya, shaidunsa kuwa mai unguwa ne da dagaci da dattawan da suka halarci rabon gado. Tsarin ya daɗe yana aiki, amma shaidu suna mutuwa, gamba kuma wutar daji tana cinye ta.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A birni shi ke ba da izinin riƙe fili, galibi na shekara 99. A karkara kuwa ƙaramar hukuma tana iya ba da izinin gargajiya, har hekta 500 don noma. Ke nan a idon doka ikon amfani da gona manomi ya mallaka. Idan hukuma ta karɓe ta don aikin jama'a, amfanin da ke cikinta da gine-gine ake biya wa diyya.

A ganina kuskure ne a ɗauki rajista a matsayin kishiyar rabon gado na shari'a, domin adana shi take yi. Waɗanda rashin takarda ya fi cuta su ne marayu, da matar da ta gaji tumunin takaba, da wanda ya jinginar da gonarsa da baki kawai. Sai dai kuɗin safiyo da zirga-zirgar ofis sun fi ƙarfin mai kadada biyu ta masara. Ya kamata ƙaramar hukuma ta riƙa aika masu awo ƙauye-ƙauye bayan kaka, su auna gonaki a gaban dagaci da maƙwabtan iyaka.