Kafin lambar yabo ta hau bango, ina ruwan wankan baƙi yake zuwa?

Kwanan baya muna zaune a fada, ana jiran shayi na biyu, wani abokinmu ya fito da wayarsa ya nuna mana zanen ƙaramin otel da yake mafarkin ginawa a filin da ya gada. Ɗaki goma, gilashi daga sama har ƙasa, ciyawa kore shar a tsakar gida, ga wurin ninƙaya a gefe. A saman ƙofa an rubuta da Faransanci cewa otel ne mai kare muhalli. Ya ce in Allah ya yarda shekara uku ta yi yawa zai ciyo lambar yabo daga waje, daga nan Turawa su fara tururuwa. Sai wani cikinmu ya tambaye shi, "To malam, ciyawar nan da wane ruwa za ka shayar da ita a watan Afrilu?" Aka yi dariya, aka wuce. Ni dai tambayar ba ta bar ni ba.

Ba ina hana kowa neman yabo ba ne. Mai otel da ba shi da babban kamfani a bayansa yana buƙatar abin da zai sa baƙon da bai san shi ba ya amince da shi, kuma lambar yabo tana yin wannan aikin. Abin da nake cewa shi ne mun juya abin, mun ɗora jirgi a kan ruwan da ba mu haƙa ba. Otel ɗin da suka ci yabo na gaskiya a wannan fanni, matsala ce ta tilasta musu dabara, yabon ya iske su daga baya.

Ku ɗauki Chumbe. Wani ɗan tsibiri ne kusa da birnin Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya, dutsen murjani ne zalla, babu rijiya, babu ƙorama, babu ko ɗigon ruwan sha a ƙasarsa. Wata Bajamushiya, Sibylle Riedmiller, ta fara fafutuka a farkon shekarun 1990 don a kare murjanin da ke kewaye da shi, kuma a 1994 gwamnatin Zanzibar ta ayyana wurin a matsayin yankin da aka haramta kamun kifi. Don a samu kuɗin tsaron wurin ne aka gina masaukin baƙi, aka buɗe shi a 1998. Ɗakuna bakwai kacal.

Yanzu ku duba yadda rashin ruwa ya zana ginin. Rufin kowane ɗaki an yi shi da faɗi da gangara don ya tari ruwan sama. Ruwan ya bi ta cikin yashi da tsakuwa ya tace, ya sauka a tankin da ke ƙarƙashin ɗakin, ya zauna nan har rani. Rana ce ke ɗumama ruwan wanka, ita ce kuma ke ba da wuta. Bayan gida ba ya cin ruwa ko kaɗan, irin wanda ke mayar da ƙazanta taki ne. Ruwan da baƙo ya yi wanka da shi ba a sake shi cikin teku, ana bi da shi ta cikin shuke-shuken da ke tsotse dattin. Babu na'urar sanyaya ɗaki, an bar ginin a buɗe ta inda iskar teku ke shigowa. Masu gadin murjanin kuma tsofaffin masunta ne na ƙauyukan da ke kusa, aka horar da su, aka ba su albashi. Da kuɗin da baƙi ke biya ake kawo ƴan makarantar Zanzibar kyauta su ga abin da ke ƙarƙashin tekun ƙasarsu.

Yabo ya zo. A 1999 sun ci babbar lambar yawon buɗe ido da kamfanin British Airways ke bayarwa a lokacin, a 2000 kuma hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin jerin Global 500. Amma ku ƙirga shekarun da aka ɗauka ana kai da kawo tsakanin ofisoshi da masunta kafin baƙo na farko ya kwana. Da alƙalan gasar suka zo, akwai abin da za su taɓa da hannu: tanki, taki, albashi, kifin da ya ƙaru.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya. Chumbe na rayuwa ne da baƙin da ke biyan daloli masu yawa kowane dare. Mu ina muka ga waɗannan? Tun harin Kure na watan Agustan 2020, inda aka kashe mutum takwas a yankin raƙuman dawa, ɗan abin da ya rage na yawon buɗe idon Turawa a ƙasar nan ya ƙara durƙushewa. Agadas ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, amma ku tambayi masu masauki a can ko takardar ta cika musu ɗakuna. Wanda zai kwana a otel ɗin abokinmu ɗan kasuwa ne da ya taso daga Kano ko Katsina, ma'aikacin da aka turo aiki daga Yamai, ƴan taron ƙara wa juna sani, da dangin amarya da gida bai ɗauke su ba. Babu ɗaya cikinsu da zai tambayi lambar yabo. Abin da zai tambaya: akwai ruwa a famfo? In kuran ya ɗauke, zan iya barci?

To ai nan ne kare muhalli ya daina zama ado, ya koma lissafin aljihu. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san darajar jarka ɗaya ta ruwa. Duk wanda yake ƙasar nan a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kaso mafi tsoka na abin da muke amfani da shi, ya san abin da ake nufi da dogaro da wayar da ba taka ba. Otel ɗin siminti da gilashi a garin da zafi ke haura digiri 40 tanda ce. Sai kilim ya yi ta aiki dare da rana, in wuta ta tafi a tada gurup, a yi ta zuba gazuwal, ribar ta bi hayaƙi, maƙwabta kuma su kwana da ƙara. Bango mai kauri na ƙasa, rumfa, taga ta fuskar da iska ke bi, bishiyar dogon yaro ko gawo a tsakar gida maimakon ciyawar Turai, fanon sola a kan rufi: waɗannan su ne ke rage faktir a ƙarshen wata.

Wani zai ce ginin ƙasa na talaka ne, baƙo mai kuɗi zai raina. Wannan kunya ce muka koya, ba gaskiya ba. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da laka, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, cikin jihar Tawa ɗin dai, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun yi sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu, aikin ya ci lambobin yabo na duniya. Manoman Maraɗi da suka daina sare tohon itatuwa a gonakinsu tun shekarun 1980 ba don wata gasa suka yi ba, don gero da itacen girki suka yi. Sai 2018 Tony Rinaudo, wanda ya yi aikin tare da su, ya karɓi lambar Right Livelihood.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata mu faɗa wa juna. Kalmar da Turawa ke amfani da ita don kwatanta kamfanin da ke shafa wa kansa koren fenti alhali cikinsa ba haka yake ba, daga harkar otel ta fito. Wani ɗan rajin muhalli, Jay Westerveld, shi ya ƙirƙire ta a 1986, bayan ya ga otel na roƙon baƙi su maimaita tawul wai don ceton duniya, alhali kuɗin wanki yake ragewa. Irin wannan ya iso mu. Za ka ga an liƙa hoton ganye a ƙofa, a bayan katanga kuwa ruwan wanka na malala cikin lungu, sauro na biki, ledar fiya wata ta toshe magudana. Dokar hana leda tana nan tun 2014, kowa ya san inda ta tsaya. Shaidar kirki, irin Green Key da ta faro daga Danmak a 1994 kuma otel da dama a Maroko ke riƙe da ita, ba a ba ka don kyan hoto. Sai ka nuna ruwan da ka sha da wutar da ka ci a rubuce, a zo a duba, kuma a sabunta kowace shekara. Wanda kuma ya ce ka turo kuɗi a aiko maka da kofi da takarda, wannan ciniki ne, ka kira shi da sunansa.

Shi ya sa na koma wurin abokinmu da tambayoyi maimakon dariya. In ka haƙa foraj mai zurfi don wurin ninƙaya, me zai faru da rijiyoyin unguwa? Za ka sa famfo ɗaya a waje mata su ɗiba, ko sai dai su riƙa jin ƙarar ruwa ta bayan katanga? Tumatir da albasar kicin ɗinka daga masu lambun gari za su fito, ko gwangwani daga waje? Yaran da za su share ɗakuna suna da kwantiragi da ranar hutu? Domin otel ɗin da ke tausayin bishiya yana danne haƙƙin mai wanki, ban ga abin da ya kare ba.

Bai ji daɗi ba da farko, ya ce mun cika sa ido. Bayan sati biyu sai ga shi da sabon zane. Ciyawar ta tafi, wurin ninƙayar ya koma tankin ruwan sama a ƙarƙashin tsakar gida, ɗakunan sun ragu zuwa shida. Gilashin gaba dai ya ƙi cirewa, ya ce a bar masa wannan. Muna nan muna ja da shi.