Kafin a zargi manhaja, a fara taɓa boris

Matashin da ya sayi ƙaramin injin sassaƙa na CNC, irin samfurin 3018 da ake odarsa daga Sin, da zarar da'ira ta fara fitowa kamar ƙwai sai ya ruga wajen kwamfuta. Ya sauya saitin GRBL, ya sake loda manhajar, ya kwana a YouTube. Sau da yawa laifin yana jikin ƙarfe: boris ɗin da ke riƙe da sandar murɗi ne ya mutu.

Wannan sanda, T8 mai kaurin milimita 8, ita ce ke mayar da juyin mota zuwa tafiyar teburi. Boris ɗin da ake saka mata masu arha an ƙera su ne don nauyin da ke dannowa daga gefe, alhali aikin sandar turi ne gaba da baya. Wuka na cizon katako, ƙwallayen ciki na shan wahalar da ba tasu ba.

A gari irin Birniwa, kusa da iyakar Nijar, akwai ƙarin abokin gaba. Ƙurar hunturu takan haɗu da garin katako ta shiga cikin giris, ya koma kamar yashi. Masu injin markaɗe da na ban-ruwa a fadamun Haɗeja sun san wannan tuntuni, da kunne suke gane boris ya fara kuka. Mai CNC ne kawai yake ganin injinsa ya fi ƙarfin irin wannan ciwo, don yana da kebul na USB.

Gwajin bai kai minti biyar ba. A kashe wuta, a kwance mahaɗin mota da sanda, a juya sandar da hannu. In ana jin gurzawa ko tsayawa, boris ya tafi. Sai a tura ta gaba da baya. In tana wasa, daga nan ƙwan ya fito. In ba ta motsi amma teburin na girgiza, noti ne ya ci.

Wajen saye, lamba ce magana. Boris 608 yana da rami milimita 8, faɗi 22, kauri 7. Mai ZZ murfin ƙarfe gare shi, ƙura na ratsawa. Mai 2RS roba ce ta toshe shi, shi ya dace da nan. Tunda sai an aika Haɗeja ko Kano, a sayo huɗu lokaci guda. Kuma a daina fesa masa WD-40, wanke giris ɗin yake yi.