Hanya Ta Wane Ce?

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a wannan jami'a tamu. Da zarar Sallah ta ƙarato sai ka ji an rabu gida biyu a kan hawan Sallah. Kashi na farko su ne 'yan ra'ayin sauyi, masu cewa wai hawa ba kome ba ne illa ragowar mulkin danniya, ranar da ake ɗora wa doki kayan da kuɗinsu zai ciyar da ƙauye guda, talaka kuwa yana tsaye cikin rana yana shan ƙura yana jinjina. Kashi na biyu su ne 'yan "al'adunmu na gargajiya", waɗanda tun da hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024 bakinsu bai rufu ba. Su burinsu a kawo Turawa da na'urorin ɗaukar hoto, a cika otal-otal, a sami kuɗin shiga. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu doki kawai suke kallo. Da za su sunkuyar da kai kaɗan su dubi ƙasar da kofaton dokin yake takawa, da sun gane maganar hawa maganar hanya ce, watau wane ne ke da ikon fitowa da rana tsaka ya bi ta da jama'arsa ba tare da fargabar kowa ba. Wanda yake son ya fahimci wannan, to ya bar Ƙofar Kudu da Ƙofar Soro tukuna, ya zo mu tafi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Hakiman waɗannan garuruwa, watau Sarkin Pauwa na Ƙanƙara da Sarkin Yamma na Faskari da Kogo na Sabuwa, suna cikin masu kai caffa Katsina da Sallah. Kafin zuwan mota, hakimin da ke wannan kusurwa ta kudu maso yamma sai ya yi kwanaki a kan hanya, shi da dagatansa da zagage da makaɗa da masu ɗaukar kaya, suna ya da zango gari-gari. Wannan tafiya ita kanta rabin hawan ce. Duk ƙauyen da suka ratsa ya ga da idonsa akwai hukuma, kuma hanyar da hakimi ya bi da rawaninsa, bafatake ma zai bi ta da jakunansa. In sun isa birni kuwa, Sarki zai ga wanda ya zo da wanda bai zo ba, da yawan dawaki da mazajen da kowa ya kawo. Jafin nan da muke yi wa tafi, asalinsa gaisuwar mayaƙa ce, suna nuna wa Sarki ga mu nan, ga makamanmu, a shirye muke. Ashe ke nan hawa ƙidaya ce ta ƙarfin ƙasa, ana yinta a fili gaban talaka sau biyu a shekara, yadda ba wanda zai iya ɓoye raunin da ke akwai.

Turawan mulki sun fi 'yan bokonmu gane wannan. Shi ya sa ba su hana hawa ba, sai suka karkatar da shi zuwa ƙofarsu. Mene ne Hawan Bariki in ba Sarki ya ɗebi jama'arsa ya je ya gai da Razdan ba, don kowa ya san wanda hanya ta koma hannunsa? Kalmar "daba" ma daga Indiya suka zo da ita, inda suka saba tara sarakuna su yi musu faretin biyayya. Irinta aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, mu kuma da muka sami 'yanci muka maimaita ta a Kaduna lokacin FESTAC a 1977. Daga nan ne hawa na kallo ya samo asali, wanda 'yan kashi na biyu suke ɗauka shi ne gadon kakanninsu.

Amma kada mu tsaya kan sarakuna kaɗai, domin jerin gwanon talaka ya fi na sarki yawa. Fita idi jerin gwano ne, gari duka ya fita bayan gari, a tafi ta wata hanya a komo ta wata. Haka zagayen Maulidi na 'yan Islamiyya, yara sanye da kaya iri ɗaya suna tafe daga wannan ƙauye zuwa wancan. In damina ta yi jinkiri a fita roƙon ruwa. Da azumi 'yan tashe su bi gida-gida da dare, da kaka samari da 'yan mata su taru kalankuwa daga garuruwan kewaye, ga kai amarya da guɗa bayan magariba, ga rakiyar gawa zuwa maƙabarta. Na san wani zai ce Maulidi bidi'a ne, tashe kuma wasan banza. Wannan na bar wa malamai, su suka san littattafansu. Abin da na sani shi ne, mai kiran Maulidi bidi'a shi ma yana fita idi, kuma ranar da ya mutu a hanya ɗaya za a ɗauke shi. Waɗannan fite-fite su ne suke ɗinke ƙauyuka su zama ƙasa guda. A nan saurayi yake ganin wadda zai aura, a nan manomi yake jin farashin masara a kasuwar Sheme, a nan Bafulatanin ruga da Bahaushen gari suke tsayawa sahu ɗaya.

To, yanzu mu duba abin da ya sami hanya a wannan yanki. A 2019 Majalisar Sarkin Katsina, ƙarƙashin Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman, ta soke hawan Ƙaramar Sallah saboda kashe-kashen da ake yi a ƙauyuka, ta ce a yi addu'a a maimakonsa. A watan Yuni na 2020 aka afka wa Kadisau ta ƙasar Faskari aka kashe mutane da dama. Daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka kora yara fiye da 300 cikin daji, a ƙasa, cikin sanyin hunturu. Ku tsaya ku yi tunanin wannan tafiya, jama'a: ɗaruruwan yara a jere, masu makamai gaba da baya, suna ratsa ƙasar Sarkin Pauwa ba mai tare su. Da aka sako 344 ranar 17 ga wata, washegari duniya ta gan su a jere kuma, da yawa ba takalmi, sun yi butu-butu da ƙura, ana shiga da su Gidan Gwamnati a Katsina, inda aka saba kai gaisuwar Hawan Bariki. Ba a rufa kwana biyu ba, ranar 19 ga wata, aka tare 'yan Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta ta ƙasar Dandume, maƙwabciyar Faskari da Sabuwa, suna komowa daga Maulidi. Allah Ya sa aka ƙwato su a daren. Sai kuma 2021, sa'ad da gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Ko da an ce dabarar yaƙi ce, abin da talaka ya karanta a ciki shi ne hukuma da bakinta ta ce kada ka bi wannan hanya, ba zan iya tsare ka ba.

Mu da muke nazarin harshe, akwai wani abin takaici da ya kamata mu lura da shi. A hawan Sallah, 'yan bindiga su ne bayin Sarki masu ɗura albarushi su harba sama, yara su toshe kunne suna dariya, dawaki su zabura. Yau ka je Sabuwa ka ce "ga 'yan bindiga nan tafe" ka ga ko akwai mai dariya. Sun ƙwace hanya, sun haɗa da kalmar.

Su kuwa sun san darajar jerin gwano sarai. Ba su zuwa a ɓoye kamar ɓarayin da, ayari suke yi na babura, goyon biyu ko uku, sau da yawa da rana kata, don a gani a ƙidaya. A watan Satumba na 2025, wajen zaman sulhu a Hayin Gada ta ƙasar Faskari, haka suka iso da makamansu a rataye, har da Ado Aleru, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan Naira miliyan 5 a kansa a 2020 bayan harin Kadisau, wanda kuma aka naɗa wa rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoto ta Jihar Zamfara a 2022. Ban ga laifin mutanen da suka zauna da su ba. Wanda aka hana shi gonarsa shekara da shekaru, ba ɗan jami'a mai cin abinci sau uku ne zai koya masa jarunta ba. Amma mu kira abin da sunansa. Mazaje sun fito da makamai a jere, gaban manya da talakawa, an gan su an ƙidaya su, sun koma lafiya. In wannan ba hawa ba ne, to mene ne?

Saboda haka ina ce wa 'yan ra'ayin sauyi, kun yi farin ciki da wuri. Kun so a daina hawa, ga shi an yi shekarun da aka daina, talaka bai sami 'yanci ba, sabon ubangida ya samu wanda ba ya sauraron ƙara. Hakimi komai zaluncinsa yana da ƙofar gida, ana iya kai ƙararsa gaban Sarki, ana iya tuɓe masa rawani. In da gaske kuna ganin hawa wasan yara ne, me ya sa 'yan sanda suka hana shi a Kano da Babbar Sallah ta 2024, suka sake hanawa da Ƙaramar Sallah ta 2025, sa'ad da mutum biyu suke jayayya kan gadon sarauta ɗaya? Sun hana ne don sun san duk wanda ya hau ya ratsa gari jama'a suka yi masa jinjina, to shi ne Sarki, ko kotu ta ce me.

Ku kuwa 'yan yawon buɗe ido, naku ya fi ba ni haushi. Abu ne mai sauƙi a loda dawaki a babbar mota, a jibge sojoji da 'yan sanda a birni na kwana biyu, a yi hawa mai kyau a nuna a talabijin, a ce ai zaman lafiya ya dawo. Hawan da kakanninmu suka ƙirƙiro don ya tona asirin rauni, ku kuna so ku mai da shi mayafin rufe shi. Kyan alkyabba da yawan 'yan lifidi a Ƙofar Soro ba su gaya mini kome game da ko matar Yankara za ta iya kai 'yarta ɗakin miji a ƙauyen gaba bayan la'asar.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake a tura yara zagayen Maulidi cikin daji don a nuna ba a jin tsoro ba. Taron jama'a a karkara yana da hatsari ta fuska biyu ma, domin ba mu manta da Tudun Biri ta Jihar Kaduna ba, inda jirgin soja maras matuƙi ya saki bam kan masu Maulidi ranar 3 ga Disamba 2023, aka binne mutum 85 ko fiye. Soke hawan 2019 ma daidai ne, ba a kaɗa tambari a gidan makoki. Abin da nake ƙi shi ne sabo. Yaron da aka haifa a ƙauyen Faskari a 2015, ayarin babura ya fi sani fiye da ayarin dawaki, kuma abin da yaro ya ga ana girmamawa shi yake so ya zama.

Ga abin da nake nema. Duk jami'in da zai tsaya ya ce mana tsaro ya inganta, ko sulhu ya yi aiki, kada mu karɓi lissafin bindigogin da aka miƙa ko hoton musafaha. Mu tambaye shi ƙauyuka nawa ne a ƙasar Sabuwa suka yi idi a filinsu na bayan gari bana, nawa ne kuma suka yi a cikin gari ko a sansanin gudun hijira. Mu tambaye shi ko hakimi da dagatai sun kwana a garuruwansu daren Sallah. In ana da sojan da za a tsare hawan birni, a raba a kai wa na Ƙanƙara da na Faskari, ko da doki goma ne. Mu kuma 'yan wannan ƙungiya, da yawanmu daga can muka fito. Hutu mai zuwa kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna da tsofaffin garinsu, ya rubuto mana hanyar da hawan garin yake bi, da inda ake tsayawa, da wanda ke gaba da wanda ke baya, da shekarar da aka yi na ƙarshe. A kawo wa editan wannan mujalla, mu buga su gari-gari a fitowa ta gaba.