Yawon Kare A Ingila: Igiya Ita Ce Sharaɗi

A ƙasar Ingila, fita da kare shan iska safe da yamma al'ada ce da ta zauna daram. Mai kare kuwa ba ya rasa wurin zuwa, ga dazuzzuka, ga lambunan shaƙatawa, ga bakin teku, ga kuma gefen hanyoyin ruwa.

Su waɗannan hanyoyin ruwa mutanen da ne suka haƙa su domin jigilar kwal da kayan masana'antu. A gefensu akwai siririyar turba wadda dawaki ke bi suna jan jiragen kaya. Da jirgin ƙasa ya ƙwace cinikin, sai dawakin suka kau, turbar ta zama ta masu tafiya a ƙafa da karnukansu. Wadda ake kira Regent's Canal a Landan an gama ta a 1820, tsawonta ya ɗara mil 8. Tun daga 2012 ƙungiyar Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na irin waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales.

To, amma wannan sakewa tana da sharaɗi, domin hali zanen dutse ne. Kare ko ya saba kwana a kan kujera, da ya hango garke sai jinin farauta ya motsa. Tunkiya mai ciki kuwa, kora kaɗai ta isa ta sa ta yi ɓari, ko haƙori bai taɓa ta ba. Saboda haka dokar 1953 ta mai da korar dabbobin kiwo laifi a kan mai karen, ta 1971 kuma ta ba makiyayi kariya idan ya harbe kare da ya rasa wata hanyar ceton garkensa.

Namun daji ma ba a manta da su ba. Dokar shekarar 2000 da ta buɗe wa jama'a filayen karkara ta wajabta riƙe kare da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, lokacin da tsuntsaye masu sheƙa a ƙasa ke kwanci. A gandun Richmond na Landan, mai barewa wajen 600, igiya tilas ce daga Mayu zuwa Yuli, watau lokacin haihuwarsu. Ƙananan hukumomi da dama kuma sukan hana kare shiga wasu sassan bakin teku daga Mayu zuwa Satumba, sa'ad da iyalai ke cika wurin.

Hausawa sun ce in ka ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi. Lalle mai hankali ba ya jiran sai ɓarna ta auku. Duk wanda ya saki karensa cikin tumaki, ko ya bar ƙazantarsa a kan turba, yana ƙara wa hukuma hujjar rufe wurin ne, ya jawo wa masu kiyaye doka asarar da ba su ji ba, ba su gani ba.